Tambaya da Amsa: Kotu ta sauke min bashi, ta ina zan sake farawa?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mutumin Damagaram ne, shekarata 11 ina tuƙin tasi a New York, ina zaune a Bronx. Lokacin korona aiki ya tsaya cak, ga bashin mota, ga na asibiti, na yi ta cin bashi da katin bashi na banki har ya fi ƙarfina. Lauya ya shigar min da takardun karayar arziki na Babi na 7 na dokar Amurka, bara kotu ta sauke min bashin. Yanzu iyalina za su zo, ina neman gida mai ɗaki biyu, amma masu gida biyu sun duba makina na biyan bashi sun ce a'a. Kullum akwatina cike yake da wasiƙun tallar kati. Ina tsoron komawa gidan jiya, ina kuma tsoron riba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kawo iyali lafiya.

Karayar Babi na 7 tana zama a rahotonka, wato tarihin bashinka da yadda ka biya, shekara 10, ana ƙirgawa daga ranar da aka shigar da takardun, ba ranar da alƙali ya sa hannu ba. Babu mai goge ta kafin lokacin. Duk wanda ya kira ka ya ce ka biya shi ya wanke maka suna, kashe wayar. Dokar Amurka ma ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Amma nauyin karayar yana raguwa kowace shekara idan akwai sabon tarihi mai kyau a samanta, kuma shi za ka gina.

Kafin kati, je shafin AnnualCreditReport.com ka ciro rahotonka daga Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashin mutane, kyauta ne. Zauna da takardar kotu a hannu ka bi layi-layi. Duk bashin da aka sauke dole ya nuna sifili. Na sha ganin mutum yana ta ƙoƙari makinsa ya ƙi motsi, ashe wani tsohon bashi ne ke nan yana nuna ana binsa. Idan ka ga haka, rubuta musu ƙorafi ka haɗa da kwafin takardar. Yawanci kwana 30 doka ta ba su su bincika.

Wasiƙun nan kuwa, ba don Allah suke nemanka ba. Sun san sai bayan shekara 8 za ka iya sake samun irin wannan sassauci na Babi na 7, wato yanzu ba ka da wurin gudu. Da yawansu kati ne mai iyakar dala 300 da za a zabtare har dala 75 da sunan kuɗin shekara tun ba ka sayi ko ruwan leda ba. Yaga su.

Abin da nake so ka nema shi ne katin jingina: ka ajiye kuɗinka, galibi daga dala 200, banki ya ba ka kati daidai abin da ka ajiye. Ka tambaya abu biyu kafin ka sa hannu: suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka? Akwai kuɗin shekara? Ka zaɓi mai kai rahoto, marar kuɗin shekara, kuma kada ka koma bankin da bashinsa ya shiga cikin karayar. Guda ɗaya ya isa. Kowace nema tana barin tabo a rahoto har shekara 2.

Ga inda mutane ke zamewa. Makin FICO, wato lambar da masu ba da bashi ke auna ka da ita, daga 300 yake zuwa 850, kashi 35 cikin 100 nasa biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan abin da ake binka. Don haka kada katin ya shiga aljihunka wurin aiki, kada ka sha mai da shi. Ɗora masa abu ɗaya da dama kake biya, kamar kuɗin waya na dala 30, ka sa bankinka ya riƙa biyan duka da kansa kowane wata, sannan ka jefa katin a durowa. Duka na ce, ba ɗan mafi ƙarancin da suke rubutawa a takarda ba. Masu cewa sai ka bar saura maki ke hawa ba su san abin ba. Idan ka biya duka kafin ranar, babu kuɗin ruwa a kan sayayya. Cirar tsabar kuɗi da katin ce ruwanta ke fara gudu tun ranar, kada ka taɓa. Latti na kwana 30 kuma shekara 7 yake yi a rahoto.

Batun riba ba zan yi maka kwana-kwana ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a shekarar 2000 cewa katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa bai halatta ba ko da mutum ya ƙudurta biya da wuri. Wasu malaman sun sassauta wa mazauna irin ƙasashen nan saboda buƙata, muddin ba za a bari ruwa ya hau ba. Ka kai wa limaminku maganar yadda take. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai wata ƙofa: ƙungiyar Mission Asset Fund tana shirya adashi marar ruwa, tana kuma kai rahoton zubin kowa ga kamfanonin uku. Adashinmu na gareji bai shiga rahoto, nasu yana shiga.

Gidan dai ba zai jira makinka ya hau ba. A New York doka ta hana mai gida karɓar ajiyar da ta wuce hayar wata ɗaya, don haka ba za ka lallashe shi da ƙarin kuɗi ba. Tara shaidar biyan hayarka ta shekara guda, da wasiƙar mai gidanka na yanzu, da takardun harajinka, ka nemi ɗan'uwa mai maki mai kyau ya tsaya maka. Ka fi neman masu ƙaramin gida da za ka zauna da su ido da ido, ka faɗi maganar karayar da bakinka kafin su gani a kwamfuta.