Zan iya aurar da ita dole don tsoron kada ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye wajen Illela, jihar Tawa. Ƴata mai shekara 14 ta shiga kolej, da yake ba mu da shi a garinmu sai na ajiye ta gidan wani sanina a birni. Duk wata ina aika tiya huɗu ta hatsi, kuɗi kuwa sai in an samu. Da ta zo hutu uwarta ta ga waya cikin kayanta, ta ce wani saurayi da ya dawo daga Abijan ne ya ba ta. Dangi sun ce in ba da ita ga ɗan ƙanena tun ba ta jawo mana abin kunya ba. Ta yi ta kuka, ta ce ba ta so. Limaminmu ya ce uba yana da ikon tilasta wa budurwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haramcin zina da wajibcin tsare ƴa babu saɓani a kansu.

Ɗan'uwa, inda na tsaya a wasiƙarka shi ne "kuɗi sai in an samu". Yarinya ta tashi da asuba ta wanke kwanonin gidan mutane, ta tafi lakwal ko koko ba ta sha ba, ƙarfe goma ƙawayenta na sayen ƙosai ita tana kallo. Wanda ya miƙa mata dala ashirin a wannan lokaci ya samu ƙofa. A ƙorafin da ake kawo mana, abin da ke kai yaran karkara ga wannan hanya da wuri kusan iri ɗaya ne: yunwa, talla har dare a tasha, masaukin da ba mai cewa ina kika je, uba yana ci-rani wata takwas. Ciyar da ita yana wuyanka har ta tare ɗakin mijinta, to ka fara da wannan.

Waya kuma ba shaida ba ce. Kada ka yarda kowa ya jefe ta da mummunan suna, ko da kawunta ne. Bulala 80 Suratun Nur ta ajiye wa mai ƙazafi.

Limaminku bai ƙaga magana ba, tana cikin Risala da sauran littattafan Malikiyya. Amma ya ba ka rabinta. Malamanmu sun ba uba kaɗai wannan iko ne saboda ana kyautata zaton tausayinsa zai zaɓa wa ƴar abin da ya fi mata, kuma su da kansu suka ce ikon yana faɗuwa in akwai cuta bayyananna. Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Khalil, shi ma ya rataya ciyarwar miji ga matar da jikinta ya isa ɗaukar zaman aure. Ka je cibiyar masu yoyon fitsari ta Yamai ka ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙugun da bai nuna ba. Sannan Annabi (SAW) ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, izininta shi ne shirunta. Ƴarka ba ta yi shiru ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata budurwa ta kai ƙarar mahaifinta kan auren da ba ta so, Annabi ya ba ta zaɓi. A kan haka Abu Hanifa da Ibnu Taimiyya suka hana tilasta wa baliga, kuma shi nake rinjayarwa.

Masu cewa auren dole garkuwa ne su duba abin da ke biyo baya. Ango ya gama girbi ya kama hanyar Libiya, amarya ta gudu sau ɗaya a mayar, sau biyu a mayar da duka, na uku ba ta dawo gida ba, ta faɗa birnin da ba ta san kowa ba. Abin da aka guda shi aka tarar. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, 28 kafin 15, kuma duk da haka kukan lalacewa bai ƙare ba.

Don haka bai halatta ka ɗaura wannan aure a wannan hali ba. Ka ɗauki wayar da hannunka ka kai wa mahaifin saurayin da ya ba ta a gaban dattijo ɗaya, ba da faɗa ba. In da gaske yake ya turo manya, ya kuma jira. Abin yana ba ni ciwo yadda dangi suka taru a kan yarinya, ba wanda ya ce a kira saurayin, alhali umurnin runtse ido da maza aka fara. Ka sauya mata masauki zuwa gidan gwaggo ko inna, ko da sayar da akuya ne ka riƙa ba ta jaka ɗaya duk mako, ka leƙa ta ranar kasuwa ba tare da sanarwa ba. Uwarta ta zauna da ita cikin ɗaki, su biyu, ta saurare ta kafin ta yi mata faɗa.

Allah ne mafi sani.