Asalin Sunan Smith a Ingila

Malam, ka yi tambaya kan asalin sunan Smith da dalilin yawansa a Ingila. Sunan sana'a ne, kuma a tsohon Turanci ma'anarsa maƙeri. Da farko laƙabi ne na mutum guda, sai bayan Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila a shekarar 1066 aka fara gadon sunan iyali, masu mulki suka fara, talakawa suka biyo baya sannu a hankali har zuwa wajen 1400. A ganina yawansa ba abin mamaki ba ne, domin kusan kowane ƙauye yana da maƙerinsa mai ƙera garma, ƙusoshi da takalman dawaki, shi ya sa iyalai da yawa da ba su haɗa jini ba suke amsa wannan suna har yau.