Amsa: Me ya sa ake ta zuzuta Medalist?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa masu kallon anime, wato fina-finan zane na Japan, suke ta zuzuta Medalist, wani shiri game da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Kafin ya fito a Janairun 2025, masoyan labarin sun yi ta ɗar-ɗar, suna tsoron zanen kwamfuta na kamfanin ENGI zai ɓata wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da aka gani kuwa, bakin masu suka ya mutu. Akiko Suzuki, wadda ta wakilci Japan a gasar Olamfik a 2010 da 2014, ita ta tsara rawar da ake yi a kan ƙanƙara a cikin shirin.

Ni dai Inori, jarumar shirin, ita ce ta kama zuciyata, 'yar shekara 11 a Nagoya da aka ce ta makara wajen fara wasan, amma kocinta Tsukasa ya tsaya mata. Wallahi sai da na yi ƙwalla a gasarta ta farko.