Allurar hoton MRI ga mai ciwon ƙoda: ina aka kwana?

Tambaya: Likita ya ce za a yi wa mahaifiyata hoton MRI, kuma sai an yi mata allurar da ke fito da hoton sarai. Tana fama da ciwon ƙoda, na kuma ji cewa akwai ƙarfe a allurar. Wai an ƙero ƙananan ƙwayoyi da suka fi aminci?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Sunan ƙarfen gadoliniyam, tun 1988 ake aiki da shi. In ya sake a jiki guba ne, domin girmansa kusan ɗaya da na kalsiyam, sai ya tare wuraren da kalsiyam ke aiki. Shi ya sa ake ɗaure shi da sinadarin da zai riƙe shi har ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Idan ƙodar ta yi rauni sai ya daɗe a jini, ɗaurin kuma yana iya kwancewa. A 2006 aka danganta shi da wata cuta mai taurara fata, a 2017 Tarayyar Turai ta dakatar da wasu nau'o'in masu sakwarkwaren riƙo.

Ƙwayoyin nano da aka ba ka labari, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake sa wa cikin allurar waɗanda ido ba ya iya gani, gaskiya ne. Ƙwaya ɗaya tana riƙe ƙarfe da yawa gam, kuma da yake a hankali take juyawa cikin jini, ƙarfe kaɗan ya isa ya haska hoton. Amma wahalar tana wajen girma: ƙoda ba ta tace abin da ya wuce nanomita 5 zuwa 6 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Wadda ta fi haka sai ta maƙale a hanta da saifa, ta yi makonni. Saboda haka masu binciken Liyon a Faransa suka matse tasu, AGuIX, ta koma ƙasa da nanomita 5, kuma har yanzu gwaji ake yi.

Ni dai ƙwayar nano ta baƙin ƙarfe, Ferumoxytol, ta fi kwanta mini a rai, tunda jiki yana sarrafa ta ya yi jini. Amurka ta amince da ita a 2009 don ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda, likitoci kuma sukan yi hoto da ita. Ita ma a 2015 an gargaɗi likitoci cewa jikin wasu yakan ƙi ta, har ta kai ga halaka.

Kada ku fasa hoton. A fara gwajin ƙarfin ƙoda. In eGFR, wato sakamakon gwajin, bai kai 30 ba, ka roƙi likita ya zaɓi nau'in allurar gadoliniyam da sinadarinsa ke kewaye ƙarfen kamar zobe, domin haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai.