KU TAMBAYA A SHA LABARI: Me ya haɗa gudun hijira da soyayyar jinsi ɗaya a finafinan Turai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'abociyar wannan shafi ce kuma ina son finafinan da ba na Hollywood ba. Kwanaki na samu wani katun mai suna Flee, aka ce min labarin ɗan gudun hijirar Afganistan ne, na zauna kallo wallahi har kuka na yi a wurin jirgin ruwan nan, sai can na gane ashe mutumin namiji zai aura. Raina ya ɓaci sosai. Kuma na ji an ce ba shi kaɗai ba ne. Wai me ya sa Turawa in za su ba da labarin gudun hijira sai sun cusa luwaɗi a ciki? Ba wata manufa ba ce kuwa?
Ƙanwarka daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, na gode da kika faɗi abin da ke ranki ba ɓoye-ɓoye. Maganar hukuncin addini kam kin sani na sani, malamai sun yi bayani, ni kuma fim nake rubutu a kai don haka a nan zan tsaya.

Manufa dai akwai ta, babu fim ɗin da ba shi da ita, har namu na Kannywood. Masu shirya irin waɗannan finafinai ba su ɓoye ra'ayinsu ba, bikin finafinai na Berlin ma yana da kyauta ta musamman dominsu, Teddy, tun 1987. Amma ba duka finafinan hijira ne haka ba fa, ki nemi Io Capitano na 2023, labarin wasu samari biyu 'yan Senegal da suka biyo ta Agadas suka faɗa Libiya, babu wannan zancen ko kaɗan a ciki.

Inda ban yarda da ke ba shi ne kalmar cusawa a kan Flee, don ba ƙagaggen labari ba ne. Muryar da kika ji ta mutumin ce da kansa, Amin Nawabi ake kiransa a fim ɗin amma sunan aro ne, kuma dalilin da ya sa aka yi shi da zane kenan, don a rufe fuskarsa. Daraktan, Jonas Poher Rasmussen ɗan Denmark, abokinsa ne tun suna samari a makaranta, shekara da shekaru suna tare amma bai taɓa jin haƙiƙanin yadda abokin nasa ya iso ƙasar ba sai da suka zauna wannan hira. Fim ɗin ya fito a bikin finafinai na Sundance na 2021, a 2022 kuma ya shiga takarar Oscar a rukuni uku lokaci guda, na zane da na labarin gaskiya da na ƙasashen waje, abin da wani fim bai taɓa yi ba kafin shi, duk da bai ci ko ɗaya ba.

Toh ga abin da nake so ki sake dubawa. Amin yana da sirri biyu, kuma wanda ya fi cin ransa ba wanda ya ɓata miki rai ba ne. An kama mahaifinsa a Kabul ba a sake jin ɗuriyarsa ba, suka gudu Mosko, biza ta ƙare, 'yan sanda suna tatsarsu kullum, aka saka yayyensa mata a kwantena zuwa Sweden suka kusa mutuwa a ciki, shi da mahaifiyarsa da yayansa suka shiga wancan jirgin da ya sa ki kuka, ga ƙaton jirgin 'yan yawon buɗe ido a kansu mutane suna ɗaukarsu hoto, ƙarshe aka tsare su a Estoniya aka mayar da su Rasha. Da aka tashi fitar da shi shi kaɗai sai mai safarar ya ba shi labarin da zai haddace: ka ce an kashe danginka gaba ɗaya. Ya faɗa, aka yarda, aka ba shi mafaka. Daga ranar yaro ya zama maraya a takarda alhali uwarsa tana raye, ba halin ya faɗa wa kowa don tsoron kar a ƙwace takardun. Ki auna a ranki, a ce sai kin binne mahaifiyarki da bakinki kafin a ba ki wurin kwana. Har akwai inda ya ce ya taɓa faɗa wa wani da suke tare gaskiya, ranar da suka yi faɗa mutumin ya yi masa barazanar kai shi wurin 'yan sanda.

Wannan ne ya sa masu fim suke haɗa abubuwan biyu, a nawa fahimtar. Duka biyun zaman ɓoyo ne. Mutum ya saba tauna magana kafin ya furta, ya saba da labarin waje daban na ciki daban, har ya kai ba ya iya sakin jiki da kowa. Kuma abin da ya burge ni da Flee bai mayar da dangin Amin dodanni ba kamar yadda finafinan Turawa da yawa suke yi wa iyalan Musulmi. Babban yayansu aikin shara da goge-goge yake yi a Sweden yana tara kuɗin fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya jingine tasa rayuwar saboda su, wannan nauyin ne Amin yake ɗauke da shi har ya zama ba ya ganin komai sai karatu da aiki. Duk wanda aka sayar da gona aka tura shi karatu ya san irin wannan bashin.

Ba duka ne suka kai shi ba kam. Akwai A Moment in the Reeds na Finland, 2017, na Mikko Mäkelä, inda wani ɗalibi ya dawo daga Paris don taya mahaifinsa gyaran gidan bakin tafki, sai uban ya ɗauko ɗan Siriya, Tareq, wanda ya karanci zanen gine-gine amma ya koma lebura saboda ba ya jin yaren ƙasar. Fim ɗin ya zo ne bayan 2015, shekarar da mutum sama da 32,000 suka nemi mafaka a Finland. Wanda ya fito a Tareq, Boodi Kabbani, shi kansa daga Siriya ya yi hijira, kuma hakan ya taimaki fim ɗin. Amma ƙorafina da shi, da ire-irensa, ta idon Bature ake kallon komai, gidansa ne, rigimarsa da ubansa ce, baƙon kuma mun san shi ne kawai gwargwadon abin da ya faɗa wa Baturen. Ɗaya yana da fasfo gobe zai iya komawa Faransa, ɗayan ko aikin yini ya rasa ya shiga uku. Kuma ki sani akwai wuraren da bai dace da kallon gida ba sam, wannan ina faɗa miki tun yanzu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina Italiya yau shekara uku, ta Libiya na shigo, har yanzu takarda ba ta fito ba. A kam ɗinmu ana yawan cewa wai duk wanda ya ce shi mai neman jinsi ne nan take ake ba shi zama. Wani ya ce har a fim ana nunawa. Gaskiya ne?
Ɗan'uwanka a Italiya

AMSA: Allah ya kawo maka mafita ɗan'uwa, shekara uku cikin jira ba wasa ba ne. A'a, ba haka abin yake ba, finafinan ma akasin haka suke nunawa.

Asalin maganar yarjejeniyar Geneva ce ta 1951, wadda ta ce ɗan gudun hijira shi ne mai tsoron a zalunce shi saboda ɗaya daga abu biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a na musamman. Ta wannan ƙofa ta biyar masu neman jinsi suke shiga, kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da haka a 2013 a shari'ar wasu mutum uku daga Saliyo da Uganda da Senegal. Amma a hukuncin nan ɗaya ta ce kasancewar ƙasarku tana da dokar haramci kaɗai bai wadatar ba, sai an duba ko ana aiki da ita. Kafin nan a 2010 kotun ƙolin Birtaniya, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, ta hana a riƙa ce wa mutum ya koma gida ya ɓoye kansa ya zauna lafiya.

Matsalar ita ce hujja. Ta yaya mutum zai tabbatar da abin da ya yi rayuwarsa duka yana ɓoyewa? An yi ta yi wa mutane tambayoyin cin mutunci har sai da kotun Tarayyar Turai ta hana a 2014, ta hana karɓar bidiyon tsiraici ma. Wani ɗan Najeriya kuma da ya nemi mafaka a Hungary a 2015 wurin masanin halayyar ɗan Adam aka tura shi, aka ce ya zana mutum cikin ruwan sama, aka nuna masa ɗigon tawada, daga nan aka ce ba a gamsu ba, sai a Janairun 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce wannan gwaji bai halatta ba. Ka ga kenan ba ƙofa ce a buɗe ba, hira ce ta awanni, ana komawa kan magana ɗaya ta fuska daban-daban, kuskure ɗaya a kwanan wata ya isa a ce labarinka duka ƙarya ne.

Akwai tsohon fim ɗin Jamus na 2005, Fremde Haut, na Angelina Maccarone, da ya kama wannan daidai. Fariba ta gudo daga Iran saboda an gano alaƙarta da wata mace, amma da ta zo gaban jami'i a filin jirgi ta kasa furtawa, ta ce siyasa ce ta koro ta, aka ƙi ta. Sai wani saurayi da suke tsare tare ya kashe kansa, ta ɗauki takardunsa ta koma shigar maza tana aiki a kamfanin sarrafa kabeji. Mai gaskiyar ma kenan bakinta ya kasa.

Shawarata kar ka ari labarin da ba naka ba. In aka gano, abin da kake da shi na gaskiya ma ya rushe, kuma kana ƙara wa wanda da gaske ransa ke cikin haɗari wahalar a yarda da shi. Ka nemi lauyan da ke taimaka wa masu neman mafaka, ka ba shi labarinka yadda yake har da abin da ka gani a Libiya.

TAMBAYA: Shin akwai irin wannan fim da ɗan Afirka ya yi da kansa?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Akwai. Dreamers na Joy Gharoro-Akpojotor, 'yar asalin Najeriya mazauniyar Birtaniya, an fara nuna shi a bikin Berlin na 2025. Labarin Isio ne, wata 'yar Najeriya da aka kama ba takardu aka kai ta cibiyar da ake tsare waɗanda za a mayar gida, a can ta shaƙu da abokiyar ɗakinta Farah. Ita daraktar da kanta ta taɓa neman mafaka a Birtaniya, ta zauna irin waccan hirar da na yi wa ɗan'uwanmu na Italiya bayani a sama.