An yi wa ɗana allurar ƙyanda, amma ta kama shi

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa ɗana allurar ƙyanda yana wata 9, amma bana da zafi ya shigo sai ta kwantar da shi tare da yaran unguwa. Maƙwabta na cewa allurar ba ta da amfani. Mene ne gaskiya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Duba katinsa: an koma an yi masa ta biyu yana wata 15? Nan ne iyaye da yawa ke yin sakaci. Allurar wata 9 tana kare kusan yara 85 cikin 100. Sauran ba ta kama jikinsu, galibi saboda garkuwar da suka samo daga uwa tun a ciki ba ta gama gushewa ba, sai ta danne maganin. Domin su aka tanadi ta biyu.

Wani dalilin kuma, maganin kansa ba ya jure zafi da hasken rana, don haka in ba a adana shi da kyau ba, ƙarfinsa na iya raguwa. Gari ne a kwalba mai isar yara 10, kuma da zarar an haɗa shi da ruwansa, bayan awa 6 zubarwa ake yi.

Ki gaya wa maƙwabtanki cewa yaro yana yaɗa ƙyanda kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da ake ɗauka mura ce da jan ido. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita, shi ya sa gidan suna da makarantar allo ke zama mahaɗarta. Sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura biyu take rasa hanyar bi. Jaririn da ke goye, wanda bai kai wata 9 ba, kariyarsa tana hannun yaran maƙwabta.

Yanzu da yake kwance, a kai shi asibiti a ba shi bitamin A, yau ɗaya gobe ɗaya, don kare idonsa. A ci gaba da ba shi nono, ruwa da kunu, a yi masa wanka, kada a sa masa kwalli ko wani haɗi a ido. In numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙari na shiga ciki, ko ya ƙi shan komai, kada a jira gari ya waye.