Amsa ga ƙanenmu mai tsaron shago a kasuwar Dole

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ka rubuto jiya da dare, ka ce kana tsaron shagon wani a kasuwar Dole ta Damagaram ana ba ka jika 25 (sefa 25,000) a wata, ga mata ga jariri, ga takardar BAC ta gama sakandare ajiye a akwati, kana tambaya wace sana'a za ka koya samunka ya ƙaru, ko kuwa ka haɗa kuɗin mota ka bi ta Agadas ka wuce Libiya. Wallahi tun da na karanta ban samu sukuni ba. Na ga masu ce maka ka yi haƙuri, na ga masu ce maka ka koyi kwamfuta, Allah ya saka musu da alheri. Ni abin da ya taɓa ni shi ne maganarka ta ƙarshe, da ka ce har kunyar shiga gida kake ji da yamma. Na san wannan kunyar. Na sha tsayawa a fada ina shan shayin da ba na so, don kawai in bari sai iyalina sun yi barci kafin in shiga.

Da farko dai kada ka bar shagon nan yanzu. Na san jika 25 ba kuɗi ba ne, mafi ƙarancin albashin da hukuma ta tsaida tun farkon 2024 ma sefa 42,000 ne, kai ko kusa ba ka kai ba. Amma mai koyon sana'a ba ya samun komai a watannin farko, kuma jariri bai san ana koyo ba. Ka nemi maigidanka ya sake ka bayan la'asar ko ya ba ka yini ɗaya a mako. In mutumin kirki ne zai yarda.

Ni kabu-kabu na yi da moton wani. Kullum sai na cire kuɗin mai moto, na cire na mai, abin da ya rage shi ne cefane. Ranar da taya ta fashe babu cefane ke nan. Da na gaji, kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai aikin wutar lantarki, ya ce ga amana. A nan nake so ka buɗe kunnenka da kyau, don kowa a nan yana ce maka koyi sana'a, koyi sana'a, babu wanda ya ce maka a hannun wa.

Mutumin nan, ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, yana raye kuma muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Na daɗe ƙwarai a wurinsa, ban san komai ba sai ɗaukar tsani da fasa bango da guduma. Ni ne mai kai ƴaƴansa lakwal, ni ne mai neman ƴan ga-ruwa in famfon gidansa ya ɗauke, kun dai san halin ruwa a Damagaram. Idan aka zo haɗa wayoyi a cikin akwatin wuta, wurin da ilimin yake, sai ya aike ni sayen sigari ko ƙanƙara. In na dawo ya rufe akwatin. Wata rana na tambaye shi me ya sa wannan waya ta fi waccan kauri, ya dube ni a gaban mai gidan da muke wa aiki ya ce, kai da zuwanka jiya har ka fara neman kujerata? Aka yi dariya. Na haɗiye.

Duk wannan da sauƙi. Cikin azumi muka yi aiki a gidan wani alhaji, aka kawo batura sababbi guda biyu aka ajiye a zaure. Washegari babu ɗaya. Maigidan nawa bai tambaye ni ba, bai ce mu bincika ba, a tsakar gidan mutane, mata na leƙe ta labule, ya nuna ni da yatsa ya ce yaron nan ne, dama ɗan kabu-kabu ne. Ƙanena, da azumi a bakina aka sa ni a bayan moto aka kai ni kwamisariya. Na sha ruwa a can da ruwan da wani ɗan sanda ya tausaya ya miƙo mini a leda. Abin da har gobe ba ya barin zuciyata shi ne mahaifiyata. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta taho a ƙasa daga Garin Malam, ta durƙusa a gaban mutumin nan, wanda ta girme shi nesa ba kusa ba, tana cewa don Allah Malam ka rufa mana asiri. Shi kuwa yana ta latsa wayarsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo ƴan kuɗin ƙuli-ƙulinta, duk tsaba, ta ce a fara rage kuɗin batirin da su. Ina kallo ta tsakanin ƙarafa. Ban taɓa jin na tsani talauci irin na ranar ba.

Bayan sallah aka gane ɗan ƴar'uwar maigidan nawa ne ya ɗauke batirin ya sayar. Kowa ya sani, alhajin ma ya sani, shi ne ma ya aiko mini da shadda don ya wanke ransa. Amma maigidan nawa har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Bai je ya gaida mahaifiyata ba har Allah ya karɓi ranta. Kuɗinta na bakin zane ma bai mayar ba. Ana ce mini in yafe, na ce na bar shi da Allah, amma in na gan shi a sahun gaba a masallaci sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Dangin matata sun daɗe suna kallona da wannan abu, wata gwaggonta har cewa ta yi a raba auren. Ku yi haƙuri ƴan uwa, na tsawaita a nan, abin ne ba ya tsufa.

To ka ga dalilin da ya sa nake cewa kafin ka zaɓi sana'a ka zaɓi mai koya maka. Je ka zauna kusa da shagonsa ka duba yaransa. Suna taɓa aiki ko aike kawai ake yi da su? Ka tambaya a unguwa, yara nawa ya yaye suka buɗe nasu? Wanda ya shekara ashirin yana sana'a bai yaye kowa ba, ka guje shi ko da ɗan'uwan babanka ne. Kuma ku yi magana a gaban manya tun ranar farko: me za a koya maka, zuwa yaushe, wa zai ba ka kuɗin abincin rana.

Wanda ya koya mini aikin sola wani dattijo ne a Birni, Allah ya ƙara masa lafiya. Ranar farko ya danƙa mini na'urar awon wuta ya ce auna batirin nan ka faɗa mini abin da ka gani. Hannuna har rawa yake yi. Ya yago kwalin sukari ya zauna a ƙasa ya yi mini lissafi da biro. Fanka mai wat 60, ƙwan fitila huɗu masu wat 10 kowanne, talabijin mai wat 50, jimla 150. Awa shida da dare, 900 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin batirin nan na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, saura 600. Ya ce to faɗa mini, batir ɗaya zai ishi gidan nan? Na ce a'a Baba. Ya ce shi ke nan, yau ka san abin da masu ɗaura faranti da yawa a garin nan ba su sani ba. Kwalin nan yana nan a cikin jakar kayan aikina.

Daga nan sauran suka biyo. Farantin sola a nan ƙasarmu kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai, dole ka koya wa mai gida ya riƙa goge shi. Zafin bazara, lokacin da ake haura digiri 40, shi ke kashe batir, kada ka yarda a ajiye shi a ɗakin kwano marar iska. Siririyar waya tana zafi tana cinye wutar a hanya, wannan ce amsar tambayar da aka yi mini dariya a kanta. Kuma kada ka yarda da lambar da aka rubuta a bayan faranti, ka fitar da shi rana da tsakar rana ka auna da hannunka, don jabu sun yi yawa.

Ban ce lallai sai sola ba. Ka duba abin da mutanen Damagaram ke kuka da shi kuma suke fiddo kuɗi a kansa ko ba su so: wuta, ruwa, waya, moto, sanyi. Mai gyaran firiji a watan Afrilu ba ya zama. Mai gyaran waya ma haka. Ka tuna watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta saka mana, duk wanda ya iya haɗa faranti da batir bai huta ba. Masu shagon cajin waya, masu ƙanƙara, masu kemis, kowa nema yake. A lokacin na biya bashin da ke kaina na sayi moto tawa. Yanzu kuma masu lambu a Mirya da wajen Matamai da Magariya suna ta komawa injin jan ruwa na sola saboda kuɗin mai, wanda ya iya wannan ba zai rasa aiki ba.

Kai kana da abin da ni ba ni da shi, ka yi lakwal har BAC. Kana karanta Faransanci, takardar da ke zuwa cikin kwalin kaya ba za ta gagare ka ba, bidiyon koyarwa na YouTube za ka gane su. Za ka iya rubuta takardar ƙiyasin kuɗi mai tsabta ka kai ofis ko wurin ƙungiyoyi, ni sai na nemi ɗalibin jami'ar André Salifou ya rubuta mini in biya shi. Kada wani ya ce maka karatunka ya tashi a banza, kuma kada ka ji kunyar a gan ka a kan rufin kwano da takardar BAC. Ka leƙa cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ka kuma tambayi labarin asusun FAFPA da ke tallafa wa horon matasa, wani lokaci ana buɗe gajeren horo. Takardar shaidarsu tana amfani ranar neman kwangila, amma hannu a wurin aiki yake faɗawa.

Maganar kayan aiki, ka shiga adashi ko na dala ɗari ne a rana, kwasar farko ka sayi na'urar awo da filaya da sukuddireba masu kyau. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma ranar da ka fara karɓar aiki, ka raba kuɗin kaya daban, kuɗin hannunka daban, ka rubuta a takarda mai gida ya gani. Ka karɓi kuɗin kaya kafin ka taɓa komai. Kayanmu yawanci daga Kano suke shigowa ta Ɗan Barto, farashi yana motsi da canjin naira, in ka yi alkawari da baki yau, mako mai zuwa kai za ka cika daga aljihunka. Dangi da abokan fada su ne za su fara cewa yi mini, sai wata ya mutu. Ka yi musu ragi in kana so, amma ban da bashi.

Ka jawo matarka cikin shawarar nan. Tawa ce ta riƙe gidan da ɗinkin hula da sayar da ƙanƙara lokacin da nake koyo, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata ko na ɗauki batirin nan ba. Allah ya saka mata da Aljanna.

Libiya kuwa, ba zan ce maka kowa ya je ya tagayyara ba, akwai waɗanda suka gina gidaje. Amma abokina da muka yi kabu-kabu tare ya tafi ya bar mata da ciki, yau yaron yana lakwal, babu wanda ya san ko uban yana raye. Uwarsa har yanzu in ta ji an ce wani ya dawo sai ta aika a tambayo mata. In ma tafiyar ce a ranka, ka tafi da sana'a a hannu, don ko a can ba kuɗi ɗaya ake ba lebura da mai haɗa wuta ba.

Ka rubuto ka faɗa mini abu biyu: kana da tsoron hawa sama, kuma ƙarfe nawa kake tashi daga shago? In sola ta kwanta maka, ina da aiki a wani lambu a hanyar Mirya ranar Lahadi in Allah ya kai mu, ka zo da tsofaffin kaya da hular rana, kuɗin abincinka yana kaina. In kuma gyaran firiji ko waya ka fi so, akwai masu yi a cikinmu nan, don Allah ku fito ku yi magana, ku ɗauki yaron nan.